Sanarwa ga iyayen yaranmu

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka. Ya yaran?

Jiya da hantsi na ga wani yaronmu ɗan wata 14 ya yi shiru a lungu, kumatunsa a cike. Da na duba, ashe ƙwayar gyaɗa ce, daga aljihun wandonsa ya ciro ta. Allah ya tsare, na cire kafin ya haɗiye, amma sai da gabana ya faɗi. Don Allah yaron da bai kai shekara 4 ba kada a sako masa gyaɗa, aya, gugguru ko alewa mai tauri. Maƙogwaronsu ƙarami ne, ba su gama iya tauna ba, nan da nan sai su shaƙe. Ayaba, dafaffen dankali da kunu sun wadatar.

Magani kuma a miƙo mini hannu da hannu, kada a bar shi cikin jaka, domin yaran nan ba jakar da ba sa buɗewa.

Hunturu ya shigo, a riƙa zuwa da rigar sanyi da hula da man kaɗanya. Mai zazzaɓi ko gudawa ya huta a gida. Masu wata 9 da wata 15, a duba kati saboda rigakafin ƙyanda.

Wannan makon ƙirga muke koyo da kofunan roba, ɗaya zuwa biyar, bayan azahar kuma tatsuniya. Ku tambaye su labarin Gizo da Ƙoƙi da daddare, za ku sha mamaki.