Taswirar waya da alhazanmu: abin da ya kamata a sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da mu mazauna Makka muke gani duk shekara, wato yadda alhazanmu ke dogara kacokan ga taswirar da ke cikin wayoyinsu, alhali da yawansu ba su san abin da ke tafiyar da ita ba.

Mutane da dama suna zaton akwai tauraron ɗan'adam guda da ke tsaye a sama yana kallon mai waya. Wanda ake gani kamar a tsaye yake shi ne na talabijin, wanda ke nisan kilomita 35,786 yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa ake kafe dish sau ɗaya a bar shi. Taurarin GPS na Amurka kuwa, waɗanda waya ke amfani da su wajen gano inda take, suna nisan kimanin kilomita 20,200, kuma kowannensu yana kewaya duniya sau biyu a rana. An rarraba su a kan hanyoyi shida da suka karkace da digiri 55 daga layin tsakiyar duniya, kuma an tsara kada yawansu ya gaza 24, domin duk inda mutum yake a sarari ya samu aƙalla huɗu a samansa. Rasha ta ƙara wa nata, GLONASS, karkata zuwa kusan digiri 65 saboda ƙasarta tana can arewa mai nisa. Turai tana da Galileo, ita kuma Sin ta kammala BeiDou a 2020.

Waɗannan taurari ba sa ganin kowa. Abin da kowannensu yake yi shi ne ya yi ta aiko da saƙon rediyo mai ɗauke da matsayinsa da lokacin da agogonsa na atom, wato agogo mai tsananin daidaito, ya nuna, ita kuma waya ta auna daɗewar da saƙon ya yi a hanya, ta lissafa inda take. Da yake saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana iya gusar da mutum da mita 300.

A nan ne yanayin Makka yake kawo cikas. Dogayen otal-otal na Ajyad da Misfala da duwatsun da suka kewaye gari suna tare wani sashe na sama, saƙon ya bugi gini kafin ya iso, sai waya ta nuna wa alhaji wani layi daban. A cikin hanyoyin da aka huda a duwatsu kuwa saƙon ba ya shiga sam. A Mina, inda tantuna suke kama da juna, kaucewar 'yan mitoci ta isa ta wahalar da dattijon da ya dawo daga jifa a gajiye.

Saboda haka ina kira ga hukumomin alhazai na jihohinmu da su sanya wannan bayani cikin bitar da ake yi wa maniyyata: alhaji ya sauke taswirar Makka da Mina tun yana masauki, ya fito fili kafin ya yarda da abin da waya ta nuna, ya kuma riƙe katinsa na Nusuk, wato katin shaidar alhaji, da lambar tantinsa a rubuce.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Makka, Saudiyya