Wasiƙa zuwa ga Mamana a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, bayan rasuwar Baba Dakta

Assalamu alaikum Mamana, ya karatu, ya zirga-zirgar asibiti? Na san Ummanku ta riga ta faɗa miki a waya, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Baba Dakta lokaci ya yi. An yi masa sutura jiya bayan azahar, jama'a kam ba a magana, har da mutanen ƙauye da ban taɓa gani ba kowa da labarin abin da ya yi masa. Da baki na kasa miki maganar shi ya sa na zauna nake rubutawa.

Ke kin taso kin gan shi yana zuwa gidanmu shan shayi ne kawai, baki san 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya shigo da zafin bazara ya kashe mutum fiye da dubu 10 a ƙasar nan, ga ƙyanda ga kwalara duk a Kano lokaci guda. Yayanki ya kwana biyu da zazzaɓi muna ta ba shi farasitamol, Dakta ya biyo da daddare daga wajen aiki ko takalmi bai cire ba, ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyar yaron ya gwada sunkuyar da kan, wuya ya ƙi, yaro ya callara ƙara. Ya ce min Alhaji wannan ba ya jiran safiya, ɗauko shi. A motarsa muka tafi kuma bai bar wajen ba sai da ya ga allurar farko ta shiga. Yau ga yayan naki da 'ya'yansa.

Haka a 2003 da aka daina ɗigon foliyo a Kano, rigima ta ko'ina, mutane sun tsorata, kuma tsoronsu ba na banza ba ne don sun ga abubuwa. Ban taɓa jin ya kira kowa jahili ba wallahi. Zama yake a majalisa bayan la'asar a yi ta jefo masa tambaya yana amsawa, da aka dawo da rigakafin a 2004 a gaban kowa ya fito da autarsa aka ɗiga mata. Ranar da aka ce Afirka ta rabu da cutar a 2020 ya kira ni muryarsa har rawa take.

To Mamana abin da nake so ki riƙe kenan tunda ke ma aikin za ki yi. Ilimin malamanku za su ba ki, amma zama a saurari mara lafiya har ya gama bayaninsa, wannan ke za ki koya wa kanki. In tsohuwa ta zo daga ƙauye ki gaishe ta, ki mata bayani da Hausar da za ta gane, kar ki tsaya kanta kina zuba Turanci da abokan aikinki ita tana raba ido. Kafin ki rubuta magani ki san kuɗinsa, shi tambaya yake yi, nawa ka zo da shi, sai ya nemo mai sauƙin da zai yi aiki iri ɗaya, don ya san takardar da ta fi ƙarfin aljihu ƙarƙashin filo take ƙarewa. Kuma ba ya ba da magani don a ji daɗinsa, mura ce ya ce mura ce a je a huta, zazzaɓi kuwa sai an yi gwaji. Ni kaina ya sha min faɗa kan hawan jini, a rage gishiri da dunƙule, kar a ajiye ƙwaya don an ji sauƙi.

Dan Allah Juma'ar nan ki nemi izini ki taho, ki fara sauka gidansa ki yi wa Hajiya gaisuwa kafin ki iso gida. Ki zo da abin awon jininki ki auna ta, ita ma tana da hawan jinin kuma Dakta ne mai kula mata, daga yanzu duk zuwan da za ki yi ki riƙa leƙa ta. Na tura miki kuɗin mota. Ki sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa ya sa Aljanna ce makoma, ke kuma Allah ya miki albarka.

Babanki.