Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Kwanon Antakiya

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna lafiya.

Maganar da ka yi, cewa a cocin da kake zuwa wasu na yi maka kallon baƙo don kai Bahaushe ne, ta taɓa ni ƙwarai. Wannan ciwo ya girme mu duka. Masu bi na farko Yahudawa ne. Da bishara ta isa Antakiya sai Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suka shigo, mutanen da suka tashi a gidajen bautar gumaka. Waɗansu kuwa suka zo daga Yahudiya suna koyar da cewa babu ceto sai da kaciya bisa al'adar Musa. Wajen shekara ta 49 aka zauna a Urushalima kan batun. Bitrus, wanda ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko a gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma a Kaisariya, ya tsaya wa Al'ummai. Yakubu, jagora a cocin Urushalima, ya ce kada a ɗora musu kaya, sai dai su guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Ba wanda ya ce su sāke suna ko harshe.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wurin cin abinci. A Antakiya Bitrus yana sa hannu kwano ɗaya da Al'ummai. Da wasu suka iso daga wurin Yakubu, tsoro ya kama shi ya janye jiki, har Barnaba, abokin aikin Manzo Bulus, ya bi sahu. Ka duba zuciyar ɗan'uwan da jiya aka ci tare da shi, yau aka bar shi da kwanonsa shi kaɗai! Bulus bai yi shiru ba, ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa, kuma ina ganin daidai ya yi.

Don haka kada ka ɓoye sunanka, kada ka ji kunyar rigarka ko Littafinka na Hausa. Kada kuma ka yi fushi ka bar taro. In an tashi sujada, ka zauna a ci tare da kai. Ranar da wani sabon mai bi ya shigo yana ɗari-ɗari, kai ne za ka matsa masa wuri, ko da wa ke kallo.

Ka karanta Ayyukan Manzanni 15 da Galatiyawa 2, in ka zo hutu mu tattauna.

Ni ne mahaifinka mai yi maka addu'a kullum.