Ba taliya ce ke kai mutanen karkara rumfar zaɓe ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in amsa wa masu sharhin da ke zaune a Kano da Abuja suna cewa mu mutanen ƙauye ba mu da aƙida, wai taliya da sabulu da dunƙulen magi ne ke fito da mu ranar zaɓe. Ni tsohon malamin firamare ne a karkarar Birnin Kudu, jihar Jigawa, kuma tun 1979 nake kaɗa ƙuri'a.

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajista, waɗanda suka fito kuwa ba su cika miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin 100. Legas mai masu rajista fiye da miliyan 7 ko kashi 20 ba ta kai ba. Jigawa da ake yi wa kallon jihar ƙauyawa ta kai kashi 40. To wa ya kamata a tara a yi wa wa'azin fitowa zaɓe?

Ana raba taliya, ban musa ba. Na ga mata suna karɓa su tura cikin hijabi, sannan su shiga su dangwala wa wanda ke ransu. Siyasarmu a nan gado ce. Akwai gidajen da kakanninsu suka sha ɗauri saboda NEPU, suka bi Malam Aminu Kano zuwa PRP, suka zaɓi Abubakar Rimi a 1979 lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano. Da jam'iyyar ta dare, wasu suka yi Santsi, wasu suka yi Taɓo, kuma har gobe idan dattawa suka zauna a gindin darbejiya bayan la'asar, za ka ji ana tambayar ɗan takara ɗan gidan wa ne kafin a tambayi jam'iyyarsa. Shi ya sa a 2023 ƙuri'ar Jigawa ta rabu: Tinubu ya samu sama da dubu 420, Atiku sama da dubu 380, Kwankwaso kusan dubu 100. Mutanen da aka saye da buhu ba haka suke rabuwa ba.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su fito ba, don na san su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ɗalibaina ne. 'Yan ci-rani ne. An rufe rajista ranar 31 ga Yuli 2022, tsakiyar damina, lokacin kowa yana gida yana noma, saboda haka katinsu na mazaɓar ƙauye ne. Da aka gama girbi aka kai amfani rumbu, sai suka ɗauki buhunsu suka nufi Legas da Fatakwal da Abuja, wannan acaɓa, wancan ga-ruwa, wani gadi. Zaɓe ya zo a Fabrairu, tsakiyar rani. Ga ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin Naira ya jawo, ga wahalar man fetur, ga kuɗin mota ya ninka. Yaron da ke tura baro a kasuwar Mile 12 ta Legas zai zubar da cinikin mako guda ya biya motar zuwa da dawowa don ƙuri'a ɗaya? Wani maƙwabcina katunan 'ya'yansa maza suna cikin kwallar uwarsu ranar zaɓe, su kuwa suna can Kudu. A layin rumfarmu tsofaffi da mata ne suka fi yawa, samari jefi-jefi.

Doka ta yarda mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune, amma ɗan ci-rani ba mazaunin wuri ɗaya ba ne, kuma ba kowa ke da wayar shiga intanet ba. Roƙona ga INEC shi ne ta buɗe wuraren sauya mazaɓa da rani a inda mutanenmu ke taruwa, kamar Agege da Alaba Rago da Zuba, ta yi aiki da sarakunan Hausawa na can, sanarwa kuma a yi ta da Hausa a rediyo. 'Yan majalisarmu su ma su sa baki, tunda ƙuri'unsu ne ke kwana a cikin kwalla.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Malamin firamare mai ritaya,
Birnin Kudu, jihar Jigawa