A ba mu hayar rami da kayan aiki a garejojin Jos

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da masu garejoji na Jos.

Sana'ata ɗaukar dankalin turawa daga ƙauyukan Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada, da a-kori-kurata Toyota Hilux ƙirar 2008. Duk wanda ya san hanyoyin gonakin can ya san da zarar ruwan Yuli da Agusta ya zauna, hanya takan koma kwazazzabo. Daminar bara sau uku cikin motar yana dukan dutse, har salansa ta tsinke. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi kayan ƙara mata tsawo da inci 2, wato shakazoba huɗu, da sifirin mai murɗi na gaba, da ƙarin ganyen sifirin na baya.

Na yi shekara shida ina yaron bakanike kafin in kama tuƙi, don haka hannuna ya san sifana. Wurin aiki ne ba ni da shi. Ƙofar gidanmu gangare ce, ƙasa ce kuma mai laushi, jak yana nitsewa a cikinta. Ɗan yayana ya nuna mini a waya yadda a Amurka ake da garejojin da mutum zai biya kuɗin awa, a ba shi fili da injin ɗaga mota da kayan aiki, ya yi gyaransa da kansa. Na zaga garejoji biyar ina neman irin haka. Huɗu suka ce in bar mota da makulli kawai. Na biyar, wani dattijo, ya daɗe yana kallona sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa matse sifirin na gaba?" Na ce na taɓa, Baba. Ya ce to in zo Asabar da Lahadi, lokacin da raminsa, wanda ake shiga a yi aiki ƙarƙashin mota, ba kowa.

Tambayar tasa tana da dalili. Sifirin na gaba a irin wannan mota a naɗe yake jikin shakazoba, kuma a matse yake da ƙarfin da in ya kuɓuce zai iya karya muƙamuƙin mutum. Baba yana da matsi na gaske wanda aka kafe a bango. Da na ɗora sifirin ina juya hannun, ina jin ƙarfen yana ƙara kaɗan-kaɗan, shi kuma yana tsaye a bayana bai ce uffan ba, sai da na ɗaure notin sama ya koma kan bencinsa. Ya ba ni ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ya kuma tuna mini abin da na manta: kada in ƙarasa ɗaure notocin hannuwan ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba da na sifirin baya sai mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robobin za su murɗe su yage da wuri. Ran Litinin na kai ta aka yi mata alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, aka sauke fitilun gaba don kada in riƙa kashe wa mutane ido da dare.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwana direbobi. Wannan aiki jikin mota yake ɗagawa, tukunyar aksil ta baya tana nan inda take sai in an ƙara girman taya. Mota kuma in ta ƙara tsawo ta fi saurin karkata a kwana, balle da buhuna a bayanta. Ni yanzu a gangaren Hawan Kibo tafiyar hawainiya nake yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da nake gani kullum a gefen titin Bauchi da Dilimi: yaro kwance ƙarƙashin mota, an tokare ta da bulo biyu da guntun katako. Bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Yawancin waɗannan yara sun iya aiki, kuɗin buɗe gareji ne ba su da shi. Ramukan garejoji da yawa kuwa akwai ranakun da suke a rufe.

Roƙona ga ƙungiyar bakanikai ta Jos shi ne ta zauna ta tsara wannan haya: a yanka kuɗin yini, mai haya ya ajiye jingina saboda kayan aiki, a ƙirga sifanu kafin da bayan aiki, kuma a samu babba guda a wurin da zai tambayi mutum abin da ya iya kafin ya miƙa masa matsi. Ni dai na riga na kama ramin Baba na Asabar mai zuwa, zan sake bin notocin sifirin baya tunda motar ta yi 'yan tafiye-tafiye.

Naku,
Direban dankali, Farin Gada, Jos