Auta, ka buɗe tagar nan

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidanku na Nima. Mu nan Aboabo sai godiya, in ban da hunturu da ya sake tayar mini da tarin nan.

Gwaggonka ta dawo daga Akra da zanen da ka ba ta ta kawo mana. Tun kafin ta buɗe baki na gane wurin: tafkin Bosomtwe ne, yadda mutum ke hango shi in ya fara gangarowa Abono, tuddai sun kewaye shi, hazo ya kwanta a kan ruwa. Har gungumen da masuntan wurin ke hawa maimakon jirgi ka sa, amma ba ka ɗora kowa a kai ba. Innarka ta fi son ƙaramin, na goro a ƙwarya da buta a gefe. Ta ce ganyen da ka lulluɓe goron da shi kamar yanzu aka yayyafa masa ruwa. Hannunka ya faɗa. Ba na yabon ɗa a gaban jama'a, amma a takarda na faɗa.

Kawunka ya so ya tayar da maganar halal da haram, na ce ya zauna. Ibn Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar yin surori, in dole ne sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Tudu da tafki da goro ba su da rai. Wannan ba ta dame ni ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne abin da gwaggonka ta faɗa daga baya, tana dariya, ba ta san ta soke ni ba. Wai da ta shiga ɗakinka sai da idonta ya yi ruwa. Wai zane huɗu ne jingine da bango ba su bushe ba, gwangwanin madara cike da kananzir da burusai a tsaye a ciki, kwalbar tafentin na tsinka fenti a buɗe dab da katifa, tagar kuma ka toshe ta da kwali don kada ƙura ta manne wa fenti. A nan kake kwana, Auta? A ɗaki ɗaya da su, ƙofa a kulle?

Ni za ka koya wa fenti? Ƙuruciyata a Suame Magazin ta ƙare, ina fesa wa motocin mutane launi, da tsumma ɗaure a hanci. Fentin mota yana bushewa kafin la'asar. Naka na mai ba haka yake ba, iska yake sha a hankali har ya daskare, kwana da kwanaki, mai kauri ma sai ya yi makonni, kuma masu aikin suna jiran wata shida kafin su shafa banish, man da ke sa zane ƙyalli. Man ba shi ne abin tsoro ba. Abin da kake tsinka fentin da shi, kake wanke burushi da shi, shi ne ke tashi ya cika ɗaki, kai kuma ka kwana kana zuƙa. Da farko ciwon kai ne da jiri, sai ka ce gajiyar ofis ce. Daga baya hanci ya saba, ka daina jin warin gaba ɗaya, ka ɗauka ya tafi. Bai tafi ba. Ka san su wa muka raka maƙabartar Tafo daga shagonmu, ka kuma san yadda nake hawa matakalar masallaci yanzu.

Kai kuma da wane ƙirji? Ka manta daren da muka ɗauke ka zuwa asibitin Komfo Anokye, Innarka ko mayafi babu, kana jan numfashi kamar ana tsaga ƙyalle? Kai ka manta, mu ba mu manta ba. Kana tausayin zane kada ƙura ta taɓa shi, huhunka kuwa ko oho. Wannan ba son sana'a ba ne, wauta ce, kuma ban haife ka wawa ba.

Na san har yau kana riƙe da ni a zuciya kan batun sashen zane na jami'ar KNUST. Riƙe. Na ce aikin akanta za ka karanta, kuma da za a dawo da ranar, abin da zan sake faɗa ke nan. Wannan albashin ne ke saya maka fentin yau. Kullum sai ka kawo mini Ablade Glover, wai an haife shi a 1934 kuma ya tsufa yana zana kasuwanni da wuƙar fenti. To madalla. Mutumin da ya koyar a jami'a yana da wurin aiki daban da wurin kwana. In shi kake koyi da shi, fara da wannan.

Ban ce ka daina ba, kada ka je ka gaya wa Innarka haka. Ka roƙi mai gida ya bar maka gefen baranda, ka jingina zanen fuskarsu ta kalli bango, ƙura ba za ta dame su ba. Kananzir ya fita daga ɗakin nan yau. Burushi yana wankuwa da man girki da sabulu. Kwalba a rufe ta, a ajiye waje. Tsummokaran da suka sha mai kada ka dunƙule su a kwana, suna ɗaukar zafi da kansu har su kama wuta. Ka shanya su a fili ko ka jiƙa su a bokiti. Ka wanke hannu kafin ka sa a tuwo, wasu launukan akwai guba.

Na sa an ɗinko maka labulen raga na taga, yayanka zai ba direba ranar Litinin. In ka maƙala, ka ɗauki hoton tagar a buɗe ka turo wa Innarka a WhatsApp, za ta nuna mini. Maganin shaƙar ka kuma ka duba ko kwanansa bai ƙare ba.

Na tafkin yana zaure, na sa an buga masa ƙusa sama da inda yara ke kaiwa. In za ka zo Sallah, ka zano mini dutsen Kwahu, amma a baranda.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka,
Aboabo, Kumasi