Wayar ta tafi da muryar Inna

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya madam da yara, ya kuma ruwan saman Malesiya da kake ce min ba ya ɗaukewa. Allah ya sa ana fahimta, ya dawo mana da ku gida lafiya. Mu ma nan kowa ƙalau, Baba yana gaishe ka sosai, shekaranjiya ma bayan isha'i sai da ya tambaye ni ko mun yi waya, na ce masa a'a, ya ce to ka nemi yaron nan fa, zumunci ba a barinsa ya kwana.

Na san ka yi ta turo saƙo a WhatsApp kana ganin alama ɗaya tal, wataƙila ma ranka ya ɓaci ka ce mutumin nan ya samu duniya ya manta da ni. Wallahi ba haka ba ne. Wayata ce ta mutu tun cikin azumi, yau wata biyu da wani abu ke nan ina riƙe da 'yar ƙarama mai tocila, kuma lambarka tana cikin waccan, ban taɓa haddace ta ba, abin da kawai na riƙe shi ne tana farawa da +60. Wannan ma da kake karantawa a kwamfutar autanmu nake buga maka, da data ɗinsa, shi ya buɗe min sabon imel. Adireshinka kuwa a bayan tsohon littafin awo na shago na tsinto shi, da rubutun hannunka, ranar da ka zo karɓar kaftanayenka ana gobe za ka tafi. Auta ya ce min saƙon da bai shiga ba kwana 30 kawai ake ajiye shi sai a goge, to duk abin da ka rubuto a farkon nan ka ɗauka ban gani ba, kuma ba zan gani ba.

Bari in faro maka daga tushe don abin yana cina, kuma ba kowa zan zauna in faɗa wa ba.

Ka san yanayin wutarmu, ba sai na ɓata maka lokaci ba. Sai a wuni a kwana ba a kawo ba, in an kawo ma ƙarfe biyun dare ce kuma rabi-rabi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci. A da ina tayar da ƙaramin janareto a shago saboda injin aiki sai in jona wayar a nan, to tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1000, yanzu ba na tayar da shi sai aiki ya taru. Sai na koma kai ta wajen mai caji na bakin layi. Ka tuna irin shagon ai, allon katako cike da soket, wayoyi sun fi ɗari jere kamar kifi a kan tire, a manna wa taka lamba a ba ka ɗan kati. Rufin kwano, janareto yana ruri a gefe, ga zafin Kano na watan Maris da ke haura 40. In na karɓo ta da yamma sai na riƙe ta da bakin riga saboda zafi.

Da farko bakin cajin ne ya fara gardama, sai ka karkata wayar cajin gefe ɗaya ka ɗaure da roba irin ta ɗaure kuɗi kafin ta nuna tana sha, in wani ya ɗan taɓa teburin shikenan ta daina. Na sayi wayar caji ta kai huɗu a wata ɗaya ina zaton laifinsu ne, ashe ƙurar hunturu ce da zaren yadi na shago suka cushe ramin. Daga nan sai batir, ka ga 60 yanzun nan, ka ɗaga kira ɗaya ka ga 15. Rannan ina guga sai yaron shagona ya ce maigida dubi bayan wayarka, na juya ta sai na ga murfin ya ɗago, batirin ya kumbura kamar fanke. Maimakon in tsaya in kai ta a duba sai na ce bari sallah ta wuce, ka san yadda goman tsakiya take a wajen tela, ko barci ba ma samu balle zuwa kasuwa.

Ranar sha bakwai ga azumi bayan sahur na kunna ta, ta nuna sunan kamfani ta tsaya cak. Ta ɗauke, ta sake nunawa, ta ɗauke, haka har gari ya waye. Hankalina ya tashi don awon mutane yana ciki. Kusan shekara uku ke nan na daina rubutawa a littafi, kowa sai ya turo min ta WhatsApp, tsayin riga kaza, kafaɗa kaza, hannu, wuya, ƙugu, tsayin wando, har da hoton irin aikin da yake so a wuya. Na ga abin ya zo da sauƙi, mutum yana Abuja ko Kaduna ya aiko da shadda a mota ya turo awo, ya yi tiransifa, ni kuma in ɗinka in mayar. To ga shaddodin mutane jibge a shago, saura kwana goma sha biyu ko sha uku sallah, ban san na wane ne zai kai gwiwa ba, ban san na wane ne zai sauka ƙasa ba.

Cikin wannan ruɗewar na miƙa ta ga wani yaro mai gyara a nan unguwa. Na ce masa don Allah ka lallaɓa ta, akwai kaya masu muhimmanci a ciki. Ya ce kar ka damu Alhaji, ƙaramin aiki ne, dawo bayan la'asar. Na dawo ya miƙo min ita tana haske yana murmushi, wai ya yi mata filashin. Aminina ka san me filashin yake nufi? Wankewa. An share komai an zuba mata sabuwar manhaja kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Na buɗe wajen lambobi fayau, hotuna fayau. Na ce ina kayana, ya ce ai ba ka ce min in kwashe ba, kuma ai suna cikin imel ɗinka, sa imel kawai za su dawo. Wane imel? Ranar da na sayi wayar yaron shagon ne ya buɗe min shi a tsaye cikin minti biyu, ya sa sunan da ya ga dama da lambobin sirrin da ya ga dama, bai rubuta min ba ni ma ban san ana tambaya ba. Kuma na tabbata rabin mutanen layinmu haka nasu yake, in ka ce su faɗi imel ɗinsu sai dai su kalle ka. Ban yi masa faɗa ba, azumi nake, kuma yaro ne, abin da aka koya masa ke nan. Amma a raina na ce wanda duk zai taɓa wayar mutane ya kamata a fara koya masa tambaya kafin a koya masa kwance noti.

Ko kwana uku ba ta yi ba ta sake mutuwa, wannan karon gaba ɗaya.

Sai na tuna da memori. Akwai kati a ciki da na saya bara a hannun wani mai yawo da su a tasha, an rubuta 64GB a jiki, kuma da na sa wayar ma 64 ɗin ta nuna. Tun bayan rasuwar Inna na sa auta ya kwashe min duk saƙonninta na murya ya zuba a ciki, har na ji hankalina ya kwanta na ce ko waya ta lalace wannan yana nan. Bayan sallah da kwana huɗu na shirya na tafi kasuwar waya ta Farm Centre, wani abokin cinikina ya haɗa ni da wani mai gyara, dattijo-dattijo haka mai natsuwa, teburinsa ɗan ƙarami da gilashin ƙara girma da fitila. Shi ya buɗe wayar ya nuna min inda batirin ya danne allon ciki, ya ce zafi shi ne babban makashin irin wannan batirin, cajinsa cikin zafi da barinsa yana mutuwa ƙurmus kullum su suke kumbura shi, kuma na yi sa'a bai kama da wuta a aljihuna ba. Ya zare memorin ya sa a kwamfutarsa. Sunayen fayil ɗin duk suna nan a jere, har da kwanan wata, na ga na watan da ta kwanta asibiti, gabana ya faɗi don murna. Ya danna na farko shiru. Na biyu shiru. Ya yi ta dannawa, wasu ma sunan ya koma wasu irin alamomi da ba a karantawa.

Ya cire gilashinsa ya ce Malam katin nan jabu ne. Wai asalinsa ƙarami ne, bai fi 8 ba, sai a yi masa dabara ya riƙa faɗa wa waya cewa shi 64 ne. Kana zuba kaya yana karɓa ba musu, in ainihin cikinsa ya cika sai sabon ya riƙa hawa kan tsohon yana taka shi, suna yana nan amma abin da ke ciki ya tafi. Ni kuma bayan na Inna na zuba bidiyon bikin ƙanwar maman yara da hotunan ɗinki ba adadi. Ya yi awa ɗaya da wani abu yana gwada wata manhajar tono, ya samo hotuna kamar talatin da karatu guda biyu, na Inna ko ɗaya. Ko sisi bai karɓa ba, ya ce in yi haƙuri. Na fito na tsaya a bakin titi, masu adaidaita suna ta tambayata ina za ka, wallahi na kasa amsawa.

Ka san Inna ba ta karatun boko, ba ta taɓa riƙe babbar waya ba. Da ta ƙanwata take amfani, bayan asuba sai ta ce danna min in yi wa yayanku magana. Wani saƙon minti ɗaya, wani minti huɗu, kana jin zakara yana cara a bayanta da ƙarar bokiti a bakin rijiya. Ba wani abu take cewa ba, ka tashi lafiya, ya yaran, kar ka fita ba ka karya ba, Allah ya tsare gabanka da bayanka, Allah ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka. Wani lokacin ta manta ba a saki madannin ba ka ji tana yi wa jikoki faɗa a kan sun bar ƙofa akuya ta shigo. Tun da ta rasu in dare ya yi na rufe shago nakan sa ɗaya a kunne kafin in hau mashin. Na ƙanwar tawa kuwa ka san an ƙwace mata waya a hanyar dawowa daga islamiyya tun kafin rasuwar, to can ma babu.

Awon mutane na samu na warware shi da kyar, wasu na sa yaro ya bi su gida ya karɓo tsohuwar riga, wasu suka zo da kansu cikin dare, mutum biyu suka karɓe shaddarsu suka kai wani wajen kuma ban ga laifinsu ba. Na sayi sabon littafi mai kauri, yanzu ko mutum ya ce zai turo sai na ce faɗa min in rubuta. Kuɗi ma da 'yar tocilar nake dubawa ta lambobin nan na banki, tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ai kowa ya koma tiransifa, sai ka danna ka kai ƙarshe ta ce a sake gwadawa, mai kaya yana tsaye yana cewa ya tura kai kuma ba ka ga alat ba. Sabuwar waya ina tarawa a hankali, sun yi tsada ba kaɗan ba, ga data ma an ƙara mata kuɗi da kira har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Duk wannan mai sauƙi ne, ana sabawa.

Ga abin da ya sa na dage sai na nemo ka. Ka tuna lokacin da madam ta haihu a can, kuna ku kaɗai ba dangi, na faɗa wa Inna sai ta ce a danna mata ta yi muku barka? Ta yi doguwar addu'a, har ta ce a shafa wa jaririyar kai a ce inji kakarta ta Kano, ta kuma yi wa madam bayanin kunun kanwa da ruwan zafi tana cewa ko a can ƙasar akwai kanwa kuwa. Ni na tura maka shi da hannuna, kuma ina jin akwai wani na ranar da za ka tafi da ta ce Allah ya kai ka lafiya ya sa ka riƙe sallah. In ba ka canja waya ba, ko ka canja amma kayanka sun biyo ka, don girman Allah ka shiga hirarmu ka gangara baya wajen watan haihuwar ka duba. In ma babu a taka ka tambayi madam, na san mata sun fi mu adana irin wannan. In ka samu kar ka tura ta WhatsApp tukuna tunda ba ni da shi, ka turo ta wannan imel ɗin, auta ya ce zai ajiye min a wuri uku, kuma lambobin sirrin wannan karon na rubuta su a littafi na ba maman yara ta sa a akwatinta. Baba ban faɗa masa sun ɓace ba, shi ma yakan ce in kunna masa wani lokacin, ina ta ce masa waya tana wajen gyara.

Ka haɗo min da lambarka a rubuce. Na san kun riga mu da awa bakwai, to in na idar da asuba ku kuna wajen azahar, lokacin zan sa auta ya duba min kullum kafin ya tafi makaranta.

Awonka yana nan a tsohon littafin, shafi ɗaya da adireshin. Akwai wata shadda ruwan toka da na ware maka tun kafin azumi, in akwai mai tahowa wajenku cikin ɗalibai ka faɗa min in ɗinka in ba shi, in awon ya canja sai ka rubuto sabo. Ka gaishe min da madam da yara, ka shafa min kan takwarar Hajiyarku.

Wassalam,
amininka na Kurna